Sakaina Biyu a Kan Kunu

Kwana uku da binne Inna a Kusasu, da la'asar, Kawu ya same ni a bayan rumbu da ƙwaryar kunun da na kasa sha. Ƙanin Inna ne, malamin firamare a Birnin Gwari. Bai ce in yi haƙuri ba, kowa ya riga ya faɗa.

Ya tsinci sakaina biyu, ya goge da rigarsa, ya ɗora su a kan kunun.

"Ƙasar nan da muke takawa ba a haɗe take ba. Gutsi-gutsi ce kamar waɗannan, tana tafiya a kan dutse mai zafi." Ya tura ɗaya da yatsa ta bugi 'yar'uwarta, kunu ya taru a tsakaninsu. "Haka duwatsu suke tasowa."

"Ban taɓa jin ta motsa ba."

"Ba za ka ji ba. Kamar tsirar farcenka take tafiya."

"Har da kabarin Inna, Kawu?"

"Har da shi. Amma tare da gidanku zai tafi, da kai duka. Ba za ta yi maka nisa ba."

Ban yi kuka ba. Na dai ga an ɓata mini kunu.

Yau shekaru ke nan rabona da Kusasu, hanyar dajin da ke zuwa can ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga. Ran Juma'a nakan yanke farce, in tara a tafin hannu, in yi ta kallo. Kawu bai yi ƙarya ba, ƙasa ba ta raba mu ba. Mutane ne suka raba.