Ranar da Saja Ya Zo Karɓar Fuskarsa

Gwaggota a Dabai ba miji, ba gona, sai lofe a baki da yumɓu a hannu. Ita ke gina mutum-mutumin da ake ɗorawa kan kabarin jarumai. Aka ce wani saja ya mutu a yaƙi, ta gina nasa.

Wata la'asar sai ga sajan nan a ƙofarmu da ransa, bel naɗe a hannu. Ni babban jarumi na shige bayan rumbu.

"Inna, ke kika binne ni?"

Gwaggo ta busa hayaƙi, ta nuna masa mutum-mutuminsa. "Ɗana, ɗauki abinka ka ajiye. Ba ya ruɓewa, ranarsa na zuwa."

Ya daɗe yana kallon fuskarsa ta yumɓu. Sannan ya rungume fuskar ya fita a hankali, kada ta fashe.