Waƙar 'Yan Diga

Kolo yana tsakiyar kogi yana tuƙa kwalekwale sai waƙar ta suɓuce masa. Ya yi maza ya kama bakinsa, amma ina! Dogarin da ya ɗauko daga Auyo ya riga ya ji.

Bature ya sa an yi shela cewa waƙar yabon jirgin ƙasa, wadda yake sawa a garmaho ranar kasuwa, ita ce kan gaba a ƙasar Haɗeja. Ba mai rera ta. Wadda ke bakin kowa ita ce ta zagin aikin tilas na diga, wato shimfiɗa hanyar jirgin, wanda aka kama da ita kuwa sai bulala da gidan yari.

"Sake rerawa," in ji dogarin, yana shafa bulalarsa.

"Ranka ya daɗe, ina da iyali."

"Na ce ka sake!"

Kolo ya rera, yana auna nisan gaɓa da ido.

Dogarin ya waiga hagu da dama, ya matso, ya yi ƙasa da murya.

"Wa ya koya maka haka? Kun ɓata min baiti na biyu. Saurara ka ji yadda na tsara ta."