Fijo a Ƙofar Malam Lado

Motar ta yi tari sau biyu, ta yi wata girgiza, sannan ta mutu murus a kan hanyar Kibiya zuwa Rano.

Uzairu ya murɗa makulli. Injin ya juya, bai kama ba. Ya sake murɗawa. A kujerar baya matarsa Saratu na rungume da 'yarsu Afra'u, 'yar shekara tara, wadda kububuwa ta sara a gonar gyaɗa can Tarai da hantsi. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, kukan ma ya fara ƙarewa.

Ya fito ya leƙa gabas, ya leƙa yamma. Titi fayau, ko ɗan acaɓa babu. Ya ɗaga waya sama, ba sabis. Ya zagaya motar, ya doki taya da ƙafa, ya koma ya sake murɗa makulli.

"Za ka kashe batir, ɗan nan. Bari haka."

Wani dattijo ne a gindin darbejiya, ƙofar gidan da ke bakin hanya, yana gyara ƙotar fartanya. Ya ce sunansa Lado, ya taɓa yin tuƙi. Da ya leƙa ya ga ƙafar yarinyar bai tsaya tambaya ba. Su biyu suka tura tsohuwar fijon zuwa inuwar ƙofar gidansa, ya shiga ciki ya fito da akwatin sifanu mai ƙura a kai.

Marfin injin motar nan ba ya buɗuwa ta daɗi, sai an zura hannu ta ƙasa an ja wata 'yar waya. Uzairu ya buɗe baki zai yi bayani, sai ya ga marfin a sama.

Malam Lado ya tsaya yana kallon injin. Ya daɗe a tsaye.

"Baba, don Allah."

"Danna oda."

Oda ta yi ƙara. Batir lafiya ke nan. Dattijon ya zare tiyon mai, ya ce a murɗa makulli, fetur ya yi tsartuwa a ƙasa. Mai na zuwa. Ya cire wayar fulogi ɗaya, ya kusantar da ita jikin ƙarfe.

"Sake murɗawa."

Ko ƙyas. Wuta ba ta zuwa.

Saratu ta ce, "Abban Afra'u, hancinta jini yake."

Uzairu ya ruga baya, ya goge hancin da bakin rigarsa, ya dawo gaba, ya sake fita titi ya dawo. Zufa ta jiƙa masa ƙeya. Mai hura masa wuta kuma shi ne dattijon nan da ya ajiye sifana yana shafa gefen injin da babban yatsa, wajen da aka goge wasu lambobi da tsinin ƙarfe.

"Yaushe ka saye ta?"

"Bara, Baba. A Kano."

"Wurin wa?"

"Wani dillali ne. Ya ce takardun za su biyo baya, har yau shiru. Baba, yarinyar nan!"

Malam Lado ya ɗago ya dube shi sosai, kamar mai auna hatsi da ido. Ya dubi takalmansa na roba da laka ta kama, da hannuwansa masu kanta. Sannan ya juya ya kalli kujerar baya, inda kan Afra'u ya langaɓe a kafaɗar uwarta.

Ya bar injin a buɗe ya nufi ƙofar direba. Ƙofar nan sai an ɗan ɗaga ta kafin a ja, in ba haka ba ko ƙato ba ta saurare shi. Ta buɗe masa a karon farko. Ya durƙusa, ya cusa hannu can bayan sitiyari har kafaɗa, fuskarsa na kallon sama, idonsa a rufe. Ya zaro wata waya ja da aka taɓa haɗawa a tsakiya, an naɗe mahaɗin da robar keke. Robar ta tsufa ta farfashe, wayar ta saki.

Ya fere bakin biyun da reza, ya murɗe su wuri ɗaya da filaya, ya naɗe da sabuwar roba. Ya koma gaba ya mayar da tiyon mai da wayar fulogi, ya rufe marfin injin.

"Bismillah. Kada ka taka totur, ba ta so."

Uzairu ya murɗa. Motar ta tashi da ruri.

"In ka hau gargada ka rage gudu. Giya ta uku takan fita, ka dafe ta da hannu. Kada ka tsaya ko'ina sai asibiti."

"Baba, me zan ce maka? Allah ya saka..."

"Tafi!"

Motar ta hau titi ta miƙe Rano. Malam Lado ya bi ta da ido har ta sha kwana, ya ci gaba da tsayuwa har ƙararta ta ɓace. Matarsa Kulu ta leƙo daga soro da kwanon ruwa, ta same shi filaya a hannu, ido ya cika.

"Malam, lafiya? Mutanen da ka sani ne?"

"Su kam ban taɓa ganin su ba," ya ce. "Amma motata ce, Kulu, wadda aka sace mana shekara huɗu da suka wuce. Fenti kawai suka sake mata."