Amfilifaya Mai Fitilu

Injiniya, mai shagon kayan sauti, bai ɗago kai ba sa'ad da wata mata ta yi sallama, yana ta hura ƙurar da ta toshe fankar wata tsohuwar amfilifaya. Sai da ta maimaita sannan ya dube ta sama da ƙasa. Farar rigar asibiti ce a ƙarƙashin mayafinta, idanunta jajur kamar an zuba musu barkono. Ta gaishe shi har da tambayar mutan gida, shi kuwa ya amsa a daƙile, don ya tsani mai saye da ke neman sabo.

"Amfilifaya nake so, Malam, ta lasifika biyu."

"Wace irin lasifika? Ko duk baƙin akwati lasifika ne a wurinki?"

Ba ta ji haushi ba. Ta ce tsofaffi ne masu akwatin katako, kowace ƙarfinta wat ɗari huɗu, ma'aunin om ɗinta takwas, har sunan kamfanin ta faɗa. Mai su ne ya karanto mata daga bayansu.

Nan Injiniya ya ajiye abin da ke hannunsa, takaici ya kama shi. An daina ƙera irin waɗannan tun da daɗewa. Shi ma yana da biyu a falonsa, tun kafin ya yi aure ya saye su, kuma kullum da safe sai ya goge su ya ɗumama su da kiɗa kafin ya fito. An sha taya su ya ƙi sayarwa. Ko babban ɗansa, da ya gama makaranta yake zaman gida wai shi mai kiɗan biki zai zama, maɓallin kunnawa kawai aka yarje masa, tunda kansa ba ya ja. Yau ga irinsu sun faɗa hannun wani sakarai da ko kasuwa ba ya iya zuwa da ƙafarsa.

Don tausayin lasifikokin ya yi mata bayani, ba don ita ba. Ya ce amfilifayar kirki ita ce wadda ta fi lasifika ƙarfi, kamar wat ɗari shida zuwa ɗari takwas a kowane gefe, don ta yi aiki ba tare da nishi ba. Jahilai suna ɗauka babba ce kaɗai ke ƙona lasifika. Ƙarama ma ta fi mugunta, domin in aka matsa mata ta yi abin da ya fi ƙarfinta sai sautin ya dagule, kwil ɗin ciki, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke fitar da sauti, ya yi zafi har ya narke.

Matar ta kasa kunne sosai, abin da ya ɗan ba shi mamaki. Ta danne hamma da bayan hannu.

"To a cikin waɗannan wace ce ba ta dace ba sam?"

Ya taɓe baki ya nuna wata a can saman kanta, mai fitilu kore da ja da shuɗi, an rubuta mata wat dubu biyar da manyan baƙaƙe. Ya ce ƙarya ce tsagwaronta, ko ɗari ba ta kai ba, 'yan ƙauye ake yi wa ita.

"In an murɗa ta har ƙarshe fa?"

"Kafin waƙa biyu su ƙare kin ji ƙauri."

"Suna gyaruwa?"

"A ina za a samu kwil ɗinsu yanzu? Sai dai a mai da akwatunan kujera."

"Ita za ka ba ni."

Injiniya ya yi mata kallon hadarin kaji. Ashe duk wannan bayani a iska ya zuba shi. Ya daure ya sake gwadawa, ya jawo wata baƙa mai nauyi wadda ba ta da ado, ya ce wannan ce abokiyar zamansu. Matar ta girgiza kai, ta ce mai su yana son abu mai fitilu. Sai ya ji tausayin nan ya fita daga ransa fit. Mutumin da ke zaɓen amfilifaya da ido bai cancanci ya mallaki lasifika ba.

Ya sauko da ita ya dangwarar a kan tebur.

"Ki ce masa ya murɗa ta har ƙarshe. In jar fitilar nan ta kama, daɗi take ji."

"In ce kai ka faɗa?"

"Ki ce Injiniya ne ya faɗa da bakinsa."

Ta roƙa a naɗe mata kwalin da takardar kyauta. Ya ce nan ba shagon kayan biki ba ne. Ta biya, ta rungumi kwalinta, ta yi godiya fiye da yadda cinikin ya cancanta.

Yinin ranar bai bar kowa a layin ya huta ba. Ya ba mai gyaran talabijin labari, ya ba mai sayar da waya, yana kwaikwayon muryarta yana dariya har da riƙe ciki. Ya ce shi da a ce zai ga fuskar mai lasifikokin nan, ko sau ɗaya ne, da ya ji daɗi.

Da yamma ya shigo unguwarsu ya tarar da ita tsit, abin da bai saba ba, don kullum kiɗan da ɗansa ke yini yana saki ne ke tarbarsa tun daga nesa. Tun daga ƙofar gida hancinsa ya ɗauki ƙaurin da ya fi kowa sani. A falo ya samu ɗansa durƙushe tsakanin akwatunan biyu yana fifita su da murfin kwali, fitilu kore da ja da shuɗi suna ta wasa a fuskarsa.

"Wallahi Baba yadda ka ce haka na yi. Antin nan ta bayan katangarmu, mai aikin dare a asibiti, ita ta kawo min kyauta, ta ce kai ka zaɓa da kanka, kuma kai ka ce in murɗa ta har ƙarshe."