Wasiƙa Ba Hatimi

"Ba ƙin ki suka yi ba, Hajiya," in ji mai gyaran kwamfuta. "Saƙonninki ne ba su gani ba."

Ta buga teburin har shayinsa ya zube. Wata uku ke nan tana aika imel daga ofishin ƙungiyar matansu a Anka, tana roƙon likitocin gubar dalma su leƙo ƙauyensu, inda yara ke ta suma da jijjiga. Da shirun ya ishe ta, babu irin tsinuwar da ba ta yi musu ba.

"Mi kake nufi?"

"Wanda ya buɗe muku adireshin bai sa shaidar da ke nuna ku ne masu aikowa ba. Kamar wasiƙa ce ba hatimi. Duk kwandon shara suka faɗa."

Gyaran bai ci minti biyar ba. Minti biyar!

"Sake aikawa yanzu," ya ce.

Ta buɗo sunayen yara marasa lafiya goma sha ɗaya da ta sa a saƙon farko. Kafin ta aika, sai da ta goge huɗu da aka riga aka binne.