Faifan Mai Gyaran Rediyo

Tunda ka ce ka riga ka rantse, kuma kai ba ka magana biyu, zauna in ba ka labarin wani da ya fi ka taurin kai.

A zamanin garmaho, a wani gari na bakin layin dogo, akwai mutum uku da ke zama kullum bayan la'asar a shagon wani mai gyaran rediyo, dab da tashar mota. Kiɗan ƙasashen waje ne ya haɗa su, shi ne kuma abin faɗansu. Mai shagon ɗan jaz ne, a wurinsa duk kiɗan da ba a natsu an saurara ba hayaniya ce kawai. Na biyu direban babbar mota ne mai son fank, yana cewa kiɗan da bai motsa ƙafa ba asarar batir ne. Na uku malamin makaranta ne mai son rok, wanda in jita ta fara kuka sai ya runtse ido kamar mai ciwon haƙori. Shekara da shekaru suna wannan gardama, ba wanda ya taɓa sassautawa, ba kuma wanda ya taɓa fashin zuwa. Mai gyaran kuwa yana da wani faifai da ba ya barin kowa ya taɓa. Yayansa mai busa begila ne a wata ƙungiyar makaɗan jaz a Kudu, faifai ɗaya tak suka buga kafin ya rasu, kuma wanda ke akwatin mai gyaran shi kaɗai aka san ya rage. Ko hoton marigayin babu. In kewa ta taso masa sai ya goge faifan da ƙyalle, ya ɗora allura, ya zauna yana jin numfashin ɗan'uwansa.

Ran nan direba, da ma bakinsa ba linzami, ya ce ai jaz kiɗan waɗanda suka kasa koyon kiɗa ne, kowa na busa abin da ya ga dama. Da dariya ya faɗa. Mai gyara bai ji dariyar ba, shi dai ya ji an taɓa yayansa. Ya miƙe, ya rantse da Allah a gaban jama'a: gobe kowa ya kawo faifan da ya fi ji da shi, a fito da lasifika bakin titi, a sa su ɗaya bayan ɗaya, wanda ya fi kasa tara mutane, mai shi ya fasa shi da hannunsa. Malamin makaranta ya roƙi a bar zancen, ko kallonsa bai yi ba. Ka dubi wautar. Mutumin da kullum yake cewa jaz sai an natsu, shi ne ya kai shi tashar mota, ya naɗa 'yan dako da 'yan kamasho alƙalai. Ba shi kuma da damar kawo wani faifan, don kowa ya san wanda ya fi ji da shi.

Washegari aka fara da rok, 'yan makaranta tara suka tsaya. Aka sa fank, mai shayi ya bar shayinsa, 'yan dako suka sauke kaya, titi ya cika har malamin ya daina ƙirga. Sai aka zo kan mai gyara. Sau biyu allura na zame masa kafin ya dasa ta. Begilar ta fara a hankali, ƙasa-ƙasa, kamar mai sallama a gidan surukai, alhali motoci na danna ham, 'yan kamasho na kiran fasinja. Mutane suka watse ɗaya-ɗaya. Aka bar wata tsohuwa mai gyaɗa, ita ma inuwa ce ta kawo ta.

A nan direba ya tsorata, don bai taɓa son abin ya kai haka ba. Ya matso ya ce, "Don Allah ka bar shi. Ka yi kaffara, miskinai goma ne, ni zan kawo hatsin." Malamin ya riƙe wa mai gyara hannu. Hanya ga ta a buɗe, addini ma ya buɗe masa ita. Amma 'yan kallo sun dawo don su ga ƙarshe, kuma wani daga baya ya ƙyalƙyale da dariya. Mai gyara ya dubi fuskokin mutanen da ko sunansa ba su sani ba, ya fizge hannunsa, ya ɗora faifan a gwiwa ya karya shi. Ko ƙarar kirki bai yi ba. Jama'a suka koma harkokinsu, zaman la'asar kuma ya mutu daga ranar.

Mai gyara ya yi tsawon rai bayan haka. Da farko yakan rera kiɗan a bakinsa yana aiki. Sannu a hankali tsakiyarsa ta ɓace masa, daga baya har farkonsa. Da tsufa ya kama shi, sai ya dogara sanda ya tafi gidan direban, wanda rabonsu da magana shekara ashirin. Bai nemi sulhu ba, tambaya ɗaya ta kawo shi: ko ya tuna yadda begilar nan take farawa? Direba ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi ranar ƙarar motoci kawai na ji."

To, kai ma ka auna rantsuwarka tun abin da ke hannunka bai karye ba. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce baki shi ke yanka wuya.