Shawarar da Kafinta Ya Janye

Yaushe Kafinta ya fara duba bakin mai magana kafin ya saurari maganar? Babu mai iya faɗin ranar, ko shi kansa.

A da, bencin da ke ƙofar shagonsa shi ne majalisar unguwa. Nan suke kwasar musu da Mai Rediyo, maƙwabcinsa wanda yarensu ba ɗaya ba. Kafinta ya kawo dabara, Mai Rediyo ya huda ta, sannan su ɗinke ta tare. Da irin wannan musun aka gyara rijiya, aka yi wa ajin yara rufi.

"Kai dai kanka katako ne," Mai Rediyo yakan ce.

"Naka kuwa sai an bubbuga yake kama tasha!"

Sai benci ya kaure da dariya.

Sannu a hankali "mu" da "su" suka shigo hira. Masu zama a benci suka fara raguwa, gaisuwa ta koma ɗaga hannu daga nesa.

Gab da damina aka taru kan kwatar unguwa da ta toshe. Kafinta ya miƙe ya ce, "A haƙa sabuwa ta bayan gidana, ruwan ya gangara fili."

"Wannan ita ce magana," in ji Mai Rediyo. "Ina da shebur biyu."

Sai ƙanin Kafinta ya raɗa masa, "Yaya, tunda irin su suka yi saurin yarda, akwai abin da suka hango."

Kafinta ya waiwaya. Ya duba 'yan uwansa, duk sun zuba masa ido.

"Na janye," ya ce. "Na sake tunani."

Bai sake tunanin komai ba. Shawararsa ce, amma da ta biyo ta bakin maƙwabcinsa sai ya ji tsoronta. Aka watse ba a tsayar da komai ba. Washegari Mai Rediyo ya miƙo masa shebur, Kafinta ya ce, "Riƙe kayanka."

Wata la'asar ruwa ya kece. Ruwan ya rasa hanya, ya taru a bayan gidan Kafinta, katanga ta rufto wa matarsa tana kwashe shanya. Ta rayu, amma ƙafarta ba ta sake takawa ba. Ba ta taɓa yi masa gori ba, wannan kuwa ya fi komai cin ransa.

Bencin ma ruwa ya tafi da shi. Bayan kwanaki Kafinta ya hango shi a ƙofar Mai Rediyo, an wanke shi, an jingine a rana. Ya daɗe a tsaye kafin ya tsallaka titi.

"Shebur ɗin nan yana nan?"

"Biyu ne, mai kan katako," in ji Mai Rediyo.

Kafinta ya miƙa hannu ya karɓa.

Jama'a, mu auna magana da gaskiyarta, ba da asalin mai ita ba. Wanda ya ƙi tunani tare da maƙwabcinsa, wata rana zai ƙi nasa tunanin ma.